An Goge Sunan Baba

Shafi na 19

Da sunan Allah, Shi ne Mai ba da ikon riƙe waya a yi rubutu bayan an dawo daga aiki a gajiye.

Masu cika min waya da "Anti shiru", "Anti yau ma babu?", duk na gan ku. Jiya awa goma sha biyu na yi a tsaye a wurin aiki, amma wata har kirana ta yi wai ta kasa cin abinci saboda Rumasa'u. To ga Rumasa'un nan. Ku fara cin abincin tukuna, don bayan kun karanta ban ce zai shiga ba.

Waɗanda aka saka a group ɗin nan jiya kuma, ba zan koma muku shafi na ɗaya ba, ga shi a dunƙule.

Baba Almu shekararsa tamanin da shida, yana zaune a garin Lanham na Amurka, gidan ɗansa Zulkifilu. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, bai san kowa ba, bai san kansa ba. Da safe ne kawai, idan aka miƙa masa tsohon kofin azurfar da ya ci a tseren keke yana saurayi, yake bin sunansa da aka sassaƙa a jiki da babban yatsa. A nan yake dawowa hayyacinsa na minti goma ko sha biyar, ya gane mutane.

Rumasa'u ce babbar 'yarsa. Shekara huɗu da suka wuce ta ce masa sati biyu zai yi a duba masa ido ya koma Zariya, alhali sun gama shiryawa da ƙaninta cewa ba zai koma ba. Da ya buɗe akwati a Amurka ya ga ta cusa masa kofin a ƙasan kaya, sai ya gane. Ya kira ta ya ce bai yafe ba, bai sake ɗaga wayarta ba. Yanzu ta samu biza ta zo. Abu ɗaya ya kawo ta: ta durƙusa a cikin mintocin nan ta nemi gafara.

Jiya Alhamis kuwa, da aka kai Baba asibiti, ta ɗauko kofin ta ga ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta ce bari ta fara da kyautatawa kafin roƙo. Ta goge shi.

* * *

"Selina!"

Muryar Zulkifilu ce ta cika gidan. Rumasa'u tana kicin tana juya kunun Baba, ludayin ya kusa suɓuce mata.

"Selina, zo nan!"

Selina ta fito daga ɗakin Baba da tawul a kafaɗa. 'Yar Kafanchan ce, shekara uku tana kula da tsohon, ita ke yi masa wanka ta ba shi magani.

"Oga lafiya?"

Zulkifilu ya ajiye kofin a kan teburin cin abinci. Yana ta ƙyalli, hasken taga yana buga shi har yana kashe ido. Wallahi wanda bai san zancen ba sai ya ce ma sha Allah.

"Mene ne wannan?"

Selina ta matso. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta dafe ƙirji.

"Ina sunan?"

"Ni kike tambaya?"

"Oga, ni ban taɓa shi ba."

"To aljanu ne?"

"Kai da bakinka ka ce ko ƙura kada in goge sai da tsumma mai laushi. Shekara uku ban taɓa saɓawa ba."

"Jiya waye a gidan nan? Ni na tafi da Baba appointment. Matata tana duty tun shekaranjiya. Yaya tana sama tana barci, har yanzu ba ta saba da lokacin nan ba. Waye ya rage?"

Selina ta juyo ta kalli Rumasa'u.

Kallo ɗaya kawai.

Rumasa'u ta sunkuyar da kai, ta cusa hannayenta cikin mayafi. Ni kaina da nake rubutawa na so in girgiza ta in ce ki yi magana mana. Amma tsoro ya ɗaure mata harshe, kuma ba yau ya fara ɗaure shi ba. Kwana uku da zuwanta, kullum da safe a bakin ƙofa take laɓewa tana kallon Baba yana gane ƙaninta, ta kasa shiga.

"Zan kira agency ɗin da suka turo ki," in ji Zulkifilu. "Yau ɗin nan. Ki haɗa kayanki."

"Oga ka ji tsoron Allah."

"Ke ce za ki ji tsoronSa! Kin san me kika yi? Ba kofi kika goge ba!"

Daga ɗaki wata siririyar murya ta taso.

"Ina abina?"



"A ba ni abina mana. Gari ya waye."

Zulkifilu ya runtse ido. Ya ɗauki kofin ya naɗe shi a tawul.

"Akwai wani mutum a Manassas, gyaran tsofaffin kayan azurfa yake yi. Wurinsa za ni."

"Zan bi ka," Rumasa'u ta faɗa.

"To wa zai zauna da Baba?"

Selina ta goge idonta da gefen tawul.

"Ku je. Ba zan bar shi shi kaɗai ba. In kun dawo sai in tafi."

* * *

Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Kofin yana kan cinyar Rumasa'u, ta riƙe shi ta cikin mayafi.

Shagon tsofaffin kaya ne, cike da cokula da farantai da butocin shayi, kusan duk da duhu-duhu a jikinsu. Rumasa'u ta dube su. Ashe haka ake barinsu.

A can ciki suka samu mutumin. Dattijo ne mai furfura, da rigar aiki ta fata a gaba. Sunansa Dachung, mutumin Jos ne, ya fi shekara talatin a wannan sana'ar. Yana jin suna Hausa ya miƙe da fara'a.

"A'a, mutanen gida ne! Sannunku da zuwa. Hajiya ina kwana? Yaya hanya?"

"Lafiya lau, yaya aiki?"

"Mun gode Allah. Me kuka kawo min?"

Zulkifilu ya warware tawul ɗin.

Fara'ar dattijon ta ɗauke.

Ya daɗe bai taɓa kofin ba. Sai da ya sa safar hannu ta auduga, sannan ya ɗaga shi a hankali ya kai ƙarƙashin fitila.

"Kai. Kai, kai, kai."

"Zai gyaru?" in ji Zulkifilu.

"Tsaya tukuna ƙanena, bari mu gaisa da shi."

Ya maƙala gilashin ƙara girma a ido, ya juya kofin ya duba kusa da baki.

"Allah Ya taimaka ba a kai ga hatimin ba. Ka ga waɗannan 'yan tambarin? Zakin nan shi ke shaida azurfa ce ta gaske, wadda ake ce wa sterling. Wannan mai kama da ƙugiyar jirgin ruwa garin da aka tantance shi ne a Ingila. Harafin nan kuma shekara ce. Kofin nan ya kusa shekara ɗari, ya girmi mahaifinku."

"Malam Dachung, sunan nake tambaya."

"Ina zuwa."

Ya shafa wurin. Sumul, sai 'yan ƙananan ƙarce birjik suna zagaye.

"A nan yake?"

"Nan. Almu Zariya, da shekarar da ya ci."

Dattijon ya sauke gilashin.

"Azurfa ba kamar tukunyar alminiyon ba ce. Laushi gare ta. Duk goga ɗaya sai ta tafi da wani abu. Baƙin da kuke gani a jikinta kuma ba datti ba ne, mu patina muke ce masa. Shi ke kwanciya a cikin zane ya fito da shi. Ka ga ganyen nan na jikin hannayen? Da guduma aka bugo su daga ciki, baƙin ne yake ba su inuwa. Yanzu duba, sun zama kamar an shafe su da hannu."

"To a sake rubutawa. Ina da hoton yadda yake a waya. Ko nawa ne."

"Ba maganar nawa ba ce. Miƙo yatsanka."

Ya kama yatsan Zulkifilu ya sa a cikin kofin, shi kuma ya danna daga waje kaɗan.

"Ka ji?"

"Yana motsi."

"Ka ji dai. Irin waɗannan kofunan, sau da yawa akwai sunan wani a jiki tun farko, sai a kankare a ba wa sabon gwani. An riga an ci wurin sau ɗaya kafin a sa sunan mahaifinku, shi ya sa aka yi rubutun sama-sama. Ya zo ya shekara sittin yana shafawa. Jiya kuma aka ƙarasa. Abin da ya rage bai fi ɓawon albasa ba. Ina ɗora bakin ƙarfe zai huje."

Rumasa'u ta dafa bango.

"Babu wata dabara?" ta tambaya.

"Akwai, Hajiya. Zan iya yanko wata azurfar in rubuta in liƙa a kai. Sati uku, in an yi sauri."

"Jirgina ran Laraba ne."

"To kin gani." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Amma ku faɗa min, don ado ake so ko don me?"

Zulkifilu ya yi masa bayani a gajarce.

Dattijon ya jima yana jinjina kai.

"In don ido ne, zan yi aikin da ba wanda zai gane. Amma yatsa ba a yi masa wayo. Sabon rubutu kaifi gare shi. Shi kuwa tsohon rubutun da ya sani ya yi sumul, yatsansa ne ya cinye masa kaifi. Zai taɓa ya ce ba nasa ba ne. Ba zan karɓi aikin in yi muku ƙarya ba."

Zulkifilu ya buga hannu a tebur.

"Wallahi sai na ga bayan aikin yarinyar nan a ƙasar nan!"

"Wace yarinya?"

"Mai kula da shi. Ita ta yi."

Dachung ya sake jawo kofin. Ya ɗauki wani siririn tsinke ya sa a lungun da hannun kofin ya haɗu da jiki, ya ƙwaƙulo wani abu fari-fari. Ya murza a yatsa, ya kai hanci.

Sai ya yi wani ɗan murmushi mara daɗi.

"Toka. Toka da lemun tsami, aka bi da soson ƙarfe. Rabona da ganin wannan haɗin tun kakata tana goge tasoshinta ana gobe Kirsimeti. Ina mutum ya samu toka a nan?"

"Akwai abin gashin nama a bayan gida," Zulkifilu ya faɗa a hankali.

"Ƙanena, ka yi haƙuri in faɗa maka abin da na gani. Mai aikin agency da za ta goge, man goge-goge za ta saya a kanti, ta shafa minti biyar ta tashi. Wannan kuwa an zauna masa. Ya kai awa uku. An bi kowane lungu, har ƙarƙashin gindi inda ba mai gani. Wanda ya yi wannan ba mugunta ya yi ba. Son mai kofin yake yi."

Rumasa'u ta juya ta fita da gudu.

* * *

A jikin mota Zulkifilu ya same ta, ta kifa kai a kan gilashi.

Ya buɗe ya ajiye kofin a kujerar baya. Ya rufe. Ya zagayo ya tsaya a gabanta.

"Yaya."

Shiru.

"Yaya Ruma, nuna min hannunki."

"Zulki..."

"Nuna min."

Ta zaro su daga mayafi. Yatsun duk sun yayyanke, farcen ya yi baƙi, lemun tsami ya ci gefen babban yatsa har ya yi ja.

Ya kalle su ya kalle ta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Wallahi ban sani ba."

"Kina tsaye. Kina tsaye ina zagin baiwar Allah nan, kina juya kunu!"

"Na ji tsoro."

"Tsoro! Kullum tsoro!"

"Na ga ya yi baƙi ne Zulki. Na ce yaya za a yi abin da Baba ya fi so a duniya ya zauna haka kamar ba shi da 'ya'ya? A gidanmu ko murfin kwano Inna ba ta bari ya dushe. Ita ta koya min, toka da lemun tsami, kowace jajibirin Sallah. Na ce in ya gan shi yana walƙiya zai yi farin ciki, sai in shiga a kan farin cikin in durƙusa. Rubutu ne a jikin ƙarfe, na ce ina zai je? Sai da na ɗauraye na ga..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Ki tambaye ni mana! Kalma ɗaya!"

"Kai ma ai ba ka faɗa min ba."

"In faɗa miki me? Kada ki kankare sunan ubanki?"

Wata Baturiya da ke saka kaya a motarta ta tsaya tana kallonsu. Zulkifilu ya rage murya, amma ragewar ta fi ihun zafi.

"Kin san me mintocin nan suke a wurina? Shekara huɗu Yaya. Ni nake ɗaga shi, ni nake canja masa zanin gado in ya ɓata. Ya tofa min abinci a fuska, ya kira ni ɓarawo, ya ce in fita masa daga gida. Duk ina shanyewa, saboda na san gobe da safe zai shafa kofin nan ya ɗago ya ce, 'Zulkifilu, ka karya kuwa?' Shi ke nan abin da nake samu. Da shi nake fita aiki. Kin zo kwana uku kin ɗauke."

"Ka yafe min."

"Ni kike roƙo?"

Ta ɗago, idanunta sun kumbura.

"To wa zan roƙa? Kai aƙalla ka ji ya kira sunanka. Ni fa? Da ni da kai muka shirya zancen nan. Kai ka sayi tikiti, kai ka ce in ce masa sati biyu. Amma ni na kalli idonsa na faɗa, don haka ni kaɗai ya riƙe. Shekara huɗu ina kwana da kalmar nan. Na je Umara da ita, na aurar da 'yata da ita. Duk abin da ya same ni sai in ce ita ce. Sau uku ana hana ni biza. Yanzu na zo, da hannuna na rufe ƙofar."



Gaskiya ta faɗa, kuma Zulkifilu ya sani. Amma gaskiyar ba ta mayar da harafi ko ɗaya ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Selina ce.

"Oga, ku zo. Ya ƙi cin komai tun safe, ya ƙi shan magani. Sai abinsa yake kira. Yanzu ma ya fara neman takalmi wai zai fita nema."

* * *

Ko Juma'a Zulkifilu bai samu ba ranar. La'asar ta kawo jiki suka shigo gida.

Jakar Selina tana bakin ƙofa, a haɗe tsaf.

Rumasa'u ba ta cire takalmi ba ta zube a gabanta.

"Selina, ni ce. Ni na goge. Ki yafe min don girman Allah."

"Tashi Anti, kin girme ni."

"Na bari an ci mutuncinki."

"Na sani tun jiya. Na ga toka a wurin wanke-wanke."

Zulkifilu ya zaro ido. "Kin sani? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba bakina ya kamata ya faɗa ba, Oga."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ɗauki jakar da kansa ya mayar ciki, yana cewa ta yi haƙuri, ta yi haƙuri. Ita kuwa ba ta tsaya saurara ba.

"Wannan duk a bar shi sai anjima. Yanzu me za a ba shi?"



"A ba shi haka," in ji Rumasa'u. "Nauyin bai canja ba, hannayen suna nan. Ƙila ya gane."

"In bai gane ba fa?" Zulkifilu ya tambaya.

"Ni zan kai masa."

Karo na farko ke nan da ta tsallake bakin ƙofar ɗakin.

Baba Almu yana zaune a gefen gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ya rame ƙwarai, hular ta yi masa yawa. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya a zaure duk gidan sai ya nutsu.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Kin ga abina?"

"Ga shi na kawo maka."

Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

Fuskarsa ta saki. Ya yar da takalmin ya karɓa, ya rungume a ƙirji.

"Yauwa. Yauwa. Allah Ya yi miki albarka."

Albarka! Ta san ba ita ya sa wa ba, duk wanda ya miƙo zai samu, amma ta ji ta har cikin ƙashinta.

Ya ɗora kofin a cinya. Babban yatsansa ya tafi wurin kai tsaye, ba lalube.

Ya shafa.

Ya sake shafawa.

Ya juya kofin ya shafa ɗaya gefen. Ya juyo da shi. Yatsan yana ta zagaye wuri ɗaya, yana sauri, yana sauri.

Zulkifilu ya juya baya ya fuskanci bango.

Baba ya ɗaga kofin kusa da ido don ya duba. Sai ya zabura.

"Wane tsoho ne wannan a ciki?"

"Kai ne Baba. Fuskarka ce."

"A'a."

"Kai ne. Almu. Almu Zariya, wanda ya ci tseren keke. Kowa ya san ka. Kawo hannunka ka gani."

Ta kama yatsansa ta ɗora a wurin, tana ja masa shi kamar mai koya wa yaro rubutu.

"Ga A nan. Ga L. Nan ne M take, ka tuna? Mai ƙafa uku..."

Ya fizge hannunsa.

"Babu komai a nan."

"Akwai Baba, da akwai."

"Babu." Ya miƙo mata kofin. "Ki mayar wa mai shi. Nawa da suna a jiki. Kada a ce na ɗauki kayan mutane."

Ta ƙi karɓa. Ya ajiye shi a kan gado, ya matsa gefe don kada ya taɓa shi.

Nan Rumasa'u ta san an gama. Babu minti goma yau, babu gobe, babu ran Laraba. Abin da ta tanada shekara huɗu tana maimaitawa, ta ga in ba ta faɗa yanzu ba sai dai ta koma da shi. Ta kama ƙafafunsa, ɗaya da takalmi ɗaya babu, ta kifa goshinta a kai.

"Baba ka yafe min. Na yi maka ƙarya. Na ce sati biyu, alhali na san ba za ka koma ba. Na raba ka da gidanka, da masallacinka, da kabarin Inna. Na ɗauka gata nake yi maka. Yau ma na sake, na ɗauka gata nake yi maka. Baba don Allah, don darajar iyayenka, ka ce ka yafe min."

Hawayenta suna zuba a kan ƙafarsa.

Sai ta ji hannu a kanta. Yana shafa mayafinta a hankali.

Selina ta toshe baki. Zulkifilu ya juyo.

"Haba baiwar Allah," in ji Baba da taushin murya. "Daina kuka. Ke me kika yi min? Ba ki yi min komai ba. Ke da kika shigo da sallama."

"Baba ni ce..."

"Wadda ta yi min laifi daban take. Tana can Zariya."

Rabon da ya ambaci Zariya ba kofi a hannunsa har an manta.

"'Yata ce," ya ci gaba, idonsa yana kan taga. "Ta fari. Kullum ina duba ƙofa. Ba ta zo ba."

"Ta zo Baba! Ga ni! Ni ce Rumasa'u!"

"Ba ta zo ba." Ya girgiza kai. "Ke a can kike?"

Zulkifilu ya yi mata alama da hannu, da sauri, ta ce e.

"E Baba. A can nake."

"Za ki koma?"

"Ran Laraba."

"To madalla. In kin je ki neme ta. Ki ce mata in ji ni..."

Ya tsaya.

Ta ɗago ta zuba wa bakinsa ido, leɓunansa suna motsi.

"In ce mata me, Baba?"

Shiru.

"Baba, in ce mata me? Wallahi zan kai saƙon. In ce ka yafe? Ko in ce me?"

Idonsa ya sauko daga taga. Ya bi bango, ya bi labule, ya zo kanta ya tsaya. Ya dube ta sosai, ya ɗan janye ƙafarsa daga hannunta.

Sannan ya juya wajen Selina.

"Yarinya, wace ce wannan take kuka a ɗakin mutane?"